Darar ces a waya: abin da ya kamata ku sani game da wasan ɗan koyo

Mai yiwuwa ka taɓa zuwa karɓar wayarka a shagon caji a Ƙanƙara, ko ka zauna teburin mai shayi a Faskari, ka ga wani matashi ya duƙufa a kan waya, ba ya ji ba ya gani. Ka leƙa, ba fim ba ne, ba ƙwallo ba ce. Wani allo ne mai gidaje fari da baƙi, da ƙananan siffofi jere a kai. Can sai ya ja tsaki, ya ce ai wasan a hannunsa yake, sabis ne ya cuce shi. Ces yake bugawa da wani mutum da bai taɓa gani ba, wanda zai iya kasancewa a Zariya, zai iya kasancewa a Indiya. Wannan bayani na wanda bai san komai a kan wasan ba ne, da iyayen da ke son sanin abin da ya ɗauke hankalin ɗansu, da shi kansa mai wasan, wanda zai ga halinsa a wasu wurare ko da bai so ba.

Wane irin wasa ne?

Idan ka iya dara, ka ci rabin hanya. A dararmu ta gargajiya ana tona gidaje 30 a ƙasa, kowa na da 'ya'ya 12, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa, kuma duk 'ya'yan darajarsu ɗaya ce. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa. Ces ma na mutum biyu ne. Babu jefa ƙwaya kamar a lido, babu rabon kati kamar a karta, komai a fili yake. Sai dai gidajensa 64 ne, takwas a tsaye takwas a kwance, kowa na da 'ya'ya 16, kuma kowane iri da tafiyarsa.

A waya sunayen 'ya'yan da Turanci suke, amma a nan bari mu kira su da namu. Sarki yana taka gida ɗaya ta kowace fuska. Soro, mai siffar hasumiya, yana tafiya miƙe, gaba ko baya ko gefe, iya nisan da hanya ta buɗe masa. Giwa tana tafiya a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa; Turawa bishop suke ce mata, Larabawa kuwa giwa, mu ma nasu muka ɗauka. Sarauniya ta haɗa tafiyar soro da ta giwa, shi ya sa ta fi kowa ƙarfi. Doki yana yin gida biyu a miƙe sannan ɗaya a gefe, kuma shi kaɗai ke iya tsallake wasu. Dakaru takwas ne a sahun gaba, ba sa komawa baya, suna tafiya miƙe amma a karkace suke ci, kuma wanda ya kai ƙarshen allo ana iya naɗa shi sarauniya.

Ba yawan ci ne ke ba da nasara ba. Abin nema shi ne a ritsa sarkin abokin gaba. Idan an kai wa sarki hari ana cewa cek, dole ya kauce, ko a tare masa, ko a cinye maharin. Idan duk ukun sun gagara, shi ne cekmet, wasa ya ƙare. Don sauƙin lissafi an yi wa 'ya'yan kuɗi: dakare 1, doki 3, giwa 3, soro 5, sarauniya 9. Wanda ya ba da soro ya karɓi doki ya yi cinikin faɗuwa.

Ba wasan Turawa ba ne?

Ba su suka ƙirƙiro shi ba. Daga Indiya ya taso wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, daga nan Larabawa suka karɓe shi suna kiransa shaɗaranji. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa an yi gwanaye irin su Abubakar as-Suli, wanda ya rayu a ƙarni na 10. Ta hannun Musulmin Andalus da na Sisili ya tsallaka Turai, inda a ƙarshen ƙarni na 15 aka ƙara wa sarauniya da giwa ƙarfin da suke da shi yau. Kuma ya zo ƙasarmu tun kafin waya. A Borno an yi wani nau'insa da Barebari ke kira tsatsarandi, wanda Turawan mulkin mallaka suka rubuta labarinsa a shekarun 1930. A can sarki Mai ne, na kusa da shi Ciroma, soro kuma Kaigama.

Yaya ake yinsa a waya?

Dandali biyu ne suka fi jama'a. Chess.com kamfani ne na Amurka, wanda masu rajista a cikinsa suka haura miliyan 100 a Disamba 2022, bayan cunkoson da zaman gida na korona da wani fim mai dogon zango na Netflix mai suna The Queen's Gambit suka jawo a 2020. Lichess kuwa wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ne ya kafa shi a 2010, babu talla, babu biya, da gudummawar masu amfani da shi yake tafiya. Kana sauke manhajar, ka zaɓi suna, ka danna neman wasa, cikin daƙiƙu kaɗan a haɗa ka da wani mai ƙarfi kusa da naka. Manhajar ba za ta bari ka yi takun da ya saɓa doka ba, saboda haka babu gardamar da aka saba yi a gindin bishiya.

Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne agogo. Kowa na da nasa lokacin, yana raguwa ne idan takunka ne. Wanda nasa ya ƙare ya faɗi, ko da saura taku ɗaya ya yi cekmet, sai fa idan abokin wasansa ba shi da 'ya'yan da za su iya ritsa sarki, a nan sai a tashi kunnen doki. Akwai bulet, wato harsashi, minti ɗaya ko biyu ga kowa. Akwai bilitz, minti uku zuwa biyar. Akwai rafid, minti goma zuwa sama. Idan ka ga an rubuta 15+10, ana nufin minti 15 ne, kuma duk takun da ka yi a ƙara maka daƙiƙa 10. Sannan akwai wasan kwanaki, inda ake ba ka kwana ɗaya ko fiye don taku guda. Ka riƙe wannan na ƙarshe, za mu dawo kansa.

Lambar da ke gefen suna fa?

Makinka ke nan, ma'aunin ƙarfinka idan an gwada da sauran jama'a. Wani malamin kimiyya mai suna Arpad Elo ne ya tsara asalin lissafin, hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓe shi a 1970, dandalin intanet kuma suna amfani da wani gyararren nau'insa. Ka ci ya hau, a ci ka ya sauka. Cin wanda ya fi ka yana ba da maki mai yawa, cin na ƙasa da kai kaɗan. Idan wani ya fi ka da maki 200, ana sa ran ya kwashi kamar kashi uku cikin huɗu na sakamakon wasanninku. Mafi girman makin da aka taɓa samu a FIDE shi ne 2882, na Magnus Carlsen ɗan Norway a 2014.

Abu biyu za su hutar da zuciyarka. Na farko, Lichess yana fara wa kowa da 1500 da alamar tambaya a gefe, ma'ana bai san ka ba tukuna, don haka idan ka ga ka gangaro a kwanakin farko ba lalacewa ka yi ba, matsayinka ake nema. Kuma lambar Lichess takan fi ta Chess.com yawa ga mutum ɗaya, musamman a matakin 'yan koyo, saboda haka kada a yi musu a majalisa da lambobin gida biyu. Na biyu, tun da ana haɗa ka da sa'anka ne, kusan rabin wasanninka za ka faɗi, yau da gobe, ko ka ƙware ko ba ka ƙware ba. Wanda bai san haka ba yakan ɗauka shi kaɗai ake ci.

To, yaya ɗan koyo yake wasa?

Nan ne gundarin maganar. Ka tambayi mai wasa me ya sa ya faɗi, zai ce maka bai san buɗin wasan ba, ko wancan ya haddace dabarun littafi. Ka buɗe wasan ku duba tare, sau da yawa abin da za ku tarar ya fi haka sauƙi: ya ajiye dokinsa a gidan da za a ci shi, babu mai tsaronsa, aka kuwa ci. Kamar mutum ne ya saki akuyarsa a bakin kasuwar Sheme babu igiya babu makiyayi, sannan ya dawo yana cewa ɓarayin bana sun yi wayo. A matakin ɗan koyo, wasanni da yawa ba gwaninta ke raba su ba. Wanda ya yi kyauta ta ƙarshe shi ke faɗi.

Dalilin kyautar ɗaya ne: ido yana kan shirin kai, ba ya kan na abokin wasa. Ɗan koyo yana da wani hari da yake dafawa, saura taku biyu ya nuna. Wancan ya taka, shi ko kallo bai yi ba, ya ci gaba da nasa. Tsoffin 'yan dara ba sa yin haka. Ka lura da dattijon da ya iya dara, kafin ya taɓa tsakuwarsa sai ya tsaya ya ga inda karan wancan ya nufa. Tambayar da yake yi wa kansa ita ce duk maganin: me yake nema da wannan takun? A ganina, wanda ya saba yi wa kansa wannan tambaya kafin kowane taku ya fi wanda ya haddace buɗi goma.

Hali na biyu shi ne fito da sarauniya da wuri. Akwai wani tarko na taku huɗu da kusan kowane sabon shiga ya taɓa faɗawa, sannan ya koya ya riƙa ɗana wa wasu. Gidajen allo suna da suna, harafi daga a zuwa h a kwance, lamba daga 1 zuwa 8 a tsaye. Gidan f7, kusa da sarkin baƙi, sarki kaɗai ke tsaronsa a farkon wasa. Sai fari ya buɗe da dakaren gaban sarki, ya aika sarauniya h5, ya aika giwa c4, su biyun su auna f7, idan baƙi bai farga ba sarauniya ta faɗa can, cekmet. Daɗin wannan nasara shi ke lalata mutum. Ran da ya haɗu da wanda ya san maganin, wato ya fito da doki ya tsare dakarensa na tsakiya, ya tura dakare g6 ya tare hanya, sai sarauniya ta koma gudun ceton rai. Wancan yana korarta yana fito da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa nasa suna kwance a gida.

Na uku, kwaɗayi. Duk abin da aka ajiye sai ya ci, ba ya tambayar dalilin da aka ajiye shi. Na huɗu, son cek. Da ya ga damar cewa cek sai ya yi, ko da hakan zai kori sarkin wancan zuwa inda ya fi tsaro. Na biyar, barin sarki a tsakar gida. Akwai wani taku na musamman da ake kira kasilin, inda sarki ke matsawa gida biyu zuwa wajen soro, soron ya tsallako ya tsaya kusa da shi. Shigar da sarki ɗaki ke nan. Ɗan koyo yakan ga kamar ɓata taku ne, sai an buɗe tsakiyar allo an fara ruwan cek a kansa ya tuna.

Wanda ya shigar da sarkin ma bai tsira ba. Sarki na bayan dakaru uku, babu ƙofa babu taga, duk sauran 'ya'ya sun tafi yaƙi. Soron abokin gaba ya sauko layin ƙarshe, shi ke nan, dakarun da ke tsaron sarki su suka toshe masa hanyar gudu. Maganin taku ɗaya ne, a tura ɗaya daga cikin dakarun gaba a buɗe taga kafin buƙata ta taso. Sai kuma doki, wanda saboda karkatacciyar tafiyarsa ido ba ya saurin kama shi. Yakan dira a gida ɗaya ya kai hari wuri biyu, misali a c7, ya ce wa sarki cek kuma ya auna soron da ke kusurwa. Dole a ceci sarki, soro ya tafi.

Wanda ya fi ciwo shi ne na ƙarshe. Ka yi wasa mai kyau, kana da sarauniya, wancan sarkinsa kaɗai ya rage. Kana ta matsa shi, sai manhaja ta ce kunnen doki. Ba kuskuren waya ba ne. Doka ce: idan takun mutum ne, ba a ce wa sarkinsa cek ba, kuma babu wani halastaccen taku da zai iya yi, an tashi babu wanda ya ci. Shi ya sa gogaggun 'yan koyo ba sa saurin sallamawa, sun san sa'ansu zai iya yin wannan kwaɓar.

Amma ai kowa da salonsa?

Za ka ji wani ya ce shi mai kai hari ne, wani ya ce shi mai tsaro ne. Gaskiya akwai bambancin hali. Akwai mai garaje, wanda ke jefa 'ya'yansa kan sarkin wancan ko da hanya ko babu. Akwai mai musaya, duk abin da aka haɗa sai ya ce a ci a ci, don allo ya yi fili hankalinsa ya kwanta. Akwai mai hanya ɗaya, wanda ya koyi jeri guda, kamar wanda ake kira tsarin Landan, yana yinsa kullum ko me wancan ya taka. Akwai kuma ɗan agogo, wanda ba allo yake bugawa ba, jira yake lokacinka ya ƙare, har yana ajiye takunsa tun kafin ka yi naka, abin da manhajar ta yarda da shi. Sai dai yawancin abin da ɗan koyo ke kira salo, gudun abin da bai iya ba ne. Mai garaje bai iya ƙarshen wasa ba, shi ya sa yake son a gama da wuri. Mai musaya tsoron cakuɗewar allo yake ji. Ba laifi ba ne, amma idan kana son ci gaba, wurin da kake gudun nan ne aikinka yake.

Me ya sa ake kasa ajiye wayar?

Saboda da wasa ya ƙare, maɓallin sabon wasa na nan a ƙarƙashin yatsa. An ci ka, ranka ya ɓaci, ka ce bari in rama ɗaya in kwanta. Mai fushi kuwa sauri yake yi, mai sauri kuma kyauta yake bayarwa, sai a sake cin ka. Kafin ka farga maki 100 sun zube, dare ya raba, cajin da ka biya ya ƙare, ga gona ko makaranta da safe. Masu wasan suna kiran wannan hali tilt, wato karkacewa. Dokar da ta fi amfani ita ce wadda mutum ya kafa wa kansa tun yana cikin hankalinsa: an ci ni biyu a jere, na ajiye sai gobe.

A nan bulet da bilitz suka fi cutarwa. Gajeru ne, shi ya sa ake ganin ba sa cin lokaci, alhali ashirin ɗinsu za su iya fin dogon wasa biyu cin dare, kuma ba sa barin mutum ya yi tunanin da zai koya masa wani abu. Manya suna bulet da kyau ne don sun riga sun tara sani a wasa mai tsawo.

Idan sabis ya ɗauke fa?

Agogonka ba ya tsayawa don sabis ɗinka ya tafi. Ana ɗan jiranka, gwargwadon tsawon wasan, idan ba ka dawo ba a ba wancan nasara. Wanda kuma ya yawaita ɓacewa a tsakiyar wasa ana iya dakatar da shi na ɗan lokaci, don manhajar ba ta san bambancin mai gudu da wanda sabis ya yanke wa ba. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. A Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna ciki, aka ɗauki watanni a haka. Ko a lokacin da komai ke aiki, sabis ɗin cikin garin Funtuwa daban, na ƙauyen da ke bayan Yankara ko Damari daban.

Wanda ke buga wasan minti ɗaya a irin wannan sabis da kansa yake faɗa. Jinkirin daƙiƙa uku a bulet mutuwa ne, a 15+10 kuwa ba a ma jin sa. Wasan kwanaki ya fi duka dacewa: ka yi takunka da safe inda ka samu sabis, ka tafi gonar masara ko ta auduga, ka dawo bayan isha'i ka ga amsar da aka ba ka. Abin sha'awa, wasan da sabis ɗinmu zai iya ɗauka shi ne kuma wanda ya fi koyar da mutum. Idan babu sabis gaba ɗaya, manhajojin suna barin ka buga da kwamfutar cikin wayar, ko ku biyu ku riƙa miƙa wa juna waya ɗaya.

Nawa ake kashewa?

Wasan kansa ba ya shan data sosai, domin abin da ke tafiya tsakaninku 'yan haruffa ne kawai, kamar gajeren saƙo. Masu shan data su ne sauke manhajar, da tallace-tallace, da bidiyon darasi a YouTube. Wannan ya ƙara zama abin lura tun Janairu 2025, da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. A Lichess komai kyauta ne. A Chess.com wasa kyauta ne, amma cikakken nazarin wasanni da darussa da yawan kacici-kacici sai mai biyan kuɗin wata ko na shekara. Ɗan koyo ba ya buƙatar biyan ko kwabo. Kuɗin gaske su ne na caji, da lokaci. Ka riƙa ninka lissafi: wasan minti 10 zai iya cin minti 20, tun da kowa da nasa goman, wasan 15+10 mai taku 40 kuma zai iya haura minti 40. Wanda ya fara irin wannan saura minti biyar a tayar da sallah ya san abin da ya zaɓa.

Ba a maguɗi?

Ana yi. Tun 1997 da kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov, inji ya wuce mutum, kuma yau injin Stockfish, wanda kyauta ne kuma wayarka za ta iya ɗauka, ya fi kowane ɗan Adam ƙarfi. Mai maguɗi yakan buɗe shi a wata wayar yana kwafa. Dandalin suna gwada takun mutum da na inji, suna duba yadda yake kashe lokaci, wanda aka kama a rufe masa asusu. Abin ya taɓa har manya: a 2022 Chess.com ya fitar da rahoton da ya ce mai yiwuwa Hans Niemann na Amurka ya yi maguɗi a wasannin intanet sama da 100. Shi ya amsa cewa ya taɓa yi yana yaro, ya musanta yi a gasar gaba da gaba, daga baya aka sasanta a 2023. Amma kada wannan ya zame maka mafaka. Yawancin waɗanda suka ci ka ba inji suka buɗe ba, dokin da ka saki suka gani.

Me malamai suka ce?

Tambaya ce da dole mai karatu a nan ya yi, kuma ba za a rufe ta ba. Imam Malik bai so wasan ba, hakan ya zo a Muwaɗɗa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta sa shi cikin wasannin da ba ta halatta ba. A mazhabar Shafi'i makaruhi ne matuƙar babu caca, babu sakaci da sallah, babu zagi. Inda duka suka haɗu shi ne, da an sa kuɗi ko an tozarta farilla ya haramta. Ƙasashen Musulmi ma sun sha bamban: Iran ta hana shi bayan juyin juya hali sannan ta halatta a 1988, birnin Riyad ya karɓi gasar duniya ta saurin wasa a 2017, gwamnatin Taliban kuma ta dakatar da shi a Afganistan a 2025. Wannan shafi ba na fatawa ba ne. Ka kai wa malaminka tambayar, ka kuma gaya masa gaskiyar yadda kake yinsa da awa nawa yake ci maka.

Yara da mata fa, da batun tsaro?

Wasan ba ya tambayar shekaru ko jinsi. Gukesh na Indiya yana da shekara 18 ya zama zakaran duniya a Disamba 2024. Tunde Onakoya, wanda ya buga ces na awa 64 a dandalin Times Square na New York a Afrilu 2025, a shagon aski ya fara ganin wasan a Ikorodu ta Legas, kuma tun 2018 yake koyar da yaran unguwannin talakawa. Ke ma 'yar'uwa, daga ɗakinki za ki iya, babu mai sanin ko wace ce. Abin kiyayewa shi ne akwatin hira da ke gefen allo. A yankin da ake satar mutane, kada sunan da ka zaɓa ya nuna garinku ko gidanku, kada ka sa hotonka, kada ka ba baƙo lambar waya. Ana iya kashe hirar gaba ɗaya, Lichess ma yana da tsarin yara da ke rufe ta. Duk wanda ya ce ku sa kuɗi a wasa, ka rabu da shi.

Ta ina zan fara?

Ka koyi tafiyar 'ya'yan da kwamfuta kafin ka fuskanci mutum. Ka zaɓi minti 10 ko 15+10. A farkon wasa ka tura dakaren tsakiya, ka fito da dawakai da giwaye, ka shigar da sarki ɗaki, sarauniya ta jira. Kullum ka warware kacici-kacici biyar ko goma, wato allon da aka tsayar a ce ka nemo taku mafi kyau. Su ke koya wa ido ganin harin doki tun kafin ya dira. Wasan da aka ci ka kuma kada ka rufe shi da fushi. Ka buɗe nazarinsa, za ka ga wani zane da ke hawa da sauka, ka nemi wurin da ya faɗi warwas, ka duba takun da ka yi a nan. Wannan ɗaya ya isa na yau.

Idan kuna son na zahiri, kwali da biro da marafan kwalba sun wadatar, a rubuta harafin kowane ɗa a kansa. Wajen shimfiɗa allon, gidan kusurwar da ke hannun damanka ya zama fari, farar sarauniya ta zauna a farin gida, baƙa a baƙi. Fari ke fara takawa.